Sarauniya Mangu: Matar da ke kulle a ɗaki a Lugu, ta kuma tare wa sojojin Faransa hanya

A Jamhuriyar Nijar da wuya ka samu wanda ya shiga aji bai taɓa jin sunan Sarauniya Mangu ba. Akwai gidan rediyo da talabijin mai suna Sarauniya a Yamai, akwai babbar makarantar sakandare mai sunanta a Dosso, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙirƙiro lambar girmamawa ta ƙasa da ke ɗauke da sunan nata.

Sai dai hoton da yawancin matasa ke da shi nata a zuciya na wata budurwa ce ƙaƙƙarfa, rataye da kwari da baka, tana gaban mayaƙa. Daga littafi da fim wannan hoton ya fito. A garinta Lugu, cikin ƙaramar hukumar Dankasari ta gundumar Dogon Dutsi, wata mace daban ake tunawa: dattijuwa da sarauta ta raba da ɗakin miji da kasuwa da gona, ta zaunar da ita wuri guda har ƙarshen ranta. Daga cikin wannan ɗaki ne, a watan Afrilun 1899, ta aika wa ayarin sojan da ya fi kowane zubar da jini a tarihin mamayar Nijar cewa ba zai wuce ta ƙasarta ba.

Wace Arewa ake nufi?

Mai karatu daga Kano ko Kaduna zai ɗauka Arewacin Nijeriya ake magana. Wannan Arewa daban ce. Ƙasar Arawa ce, wadda ta bi kwarin Dallol Mawri, busasshen kogin da ya gangaro daga arewa ya nufi kogin Kwara, inda ruwa ke kusa da ƙasa ga mai haƙa rijiya. Manyan garuruwanta su ne Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Zabarmawa na kiran mutanen yankin Mawri. Iyakar da Turawa suka shata ta raba su gida biyu, shi ya sa har yau akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kebbi, mai hedikwata a Kangiwa.

Hausa suke yi, amma tsarin mulkinsu na da bai yi kama da na Kano ko Katsina ba. Iko biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai Gubawa, waɗanda ake ɗauka su ne suka fara sare daji suka zauna, don haka su ne 'yan ƙasa, masu kula da duk abin da ya shafi ƙasa da ruwan sama da iskoki. Akwai kuma Arawa, waɗanda labarin baka ya ce zuriyar wani ɗan sarautar Barno ne mai suna Ari, da ya ratsa yankin ya auri ɗiyar Baura na Bagaji, aka haifi Akazama, Sarkin Arewa na farko. Su ne masu doki da takobi da karɓar haraji. Masanin nan na Faransa Marc-Henri Piault, a littafinsa Histoire Mawri na 1970, ya yi dogon bayani kan wannan rabon aiki tsakanin mai ƙasa da mai mulki.

Sarauniyar Lugu a ɓangaren farko take, kuma ita ce ƙololuwarsa. Duk wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta neman fadarta da dogarai da barga, ba kuwa zai samu ba.

'Yar Ƙasa da dutsen Tunguma

Mangu ba ita ta kafa Lugu ba. Sarauniya suna ne na sarauta, mata da yawa sun riƙe ta kafin ita da bayanta. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, ta farkonsu, wadda ake kira 'Yar Ƙasa, daga Daura ta taso tare da mutanenta ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna biye da wani dutse mai suna Tunguma wanda ke nuna musu hanya. Inda dutsen ya tsaya nan suka tsaya, cikin daji mai duhu a gindin tsaunuka, nesa da kowa. Ɗan'uwanta Baura ya zauna a Bagaji. Daga waɗannan wurare biyu ne, in ji labarin, mutane suka riƙa fita suna kafa ƙauyukan da suka cika Arewa, kowanne yana komawa Lugu da Bagaji idan al'amari ya yi tsanani.

Ambaton Daura a nan abin lura ne, domin ita ce garin da tarihin Hausawa ya ce mata suka fara mulka, har zuwa kan Daurama ta labarin Bayajida.

Tunguma na nan kusa da Lugu har yanzu. A al'adar Gubawa shi ne alƙali. Wanda aka yi wa sata, ko waɗanda ke rikicin gona ko gado, sukan je gabansa, masu kula da shi su gabatar da ƙara, kuma mabiya al'adar sun yarda cewa motsin dutsen ne ke nuna mai gaskiya. Mutane sukan zo daga nesa don wannan shari'a, abin da ya sa ƙaramin gari irin Lugu ya yi kwarjinin da girmansa bai kai ba.

Gawa ce ke zaɓen magajiya

Ba a neman sarautar Lugu, ba a kamun ƙafa, babu majalisar masu zaɓen sarki. Idan Sarauniya ta rasu, sai a tara matan zuriyar da ke da gadon sarautar, a ɗora gawar a kan makara, maza su ɗauka. Masu al'adar na cewa gawar ce ke jan masu ɗauke da ita har ta kai su gaban wadda za ta gaje ta. Sunan wannan al'ada tarkama, kuma an san ta a sauran sarautun gargajiya na Gubawa.

Matar da tarkama ta nuna ba ta da zaɓi. Ko tana da miji, ko tana zaune a wani gari da 'ya'yanta da jikokinta, za ta bar komai ta koma Lugu. Za ta sa fararen tufafi, ta shiga ɗakin Sarauniya, ɗakin da bai fi na kowace talaka ba. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki ko gaisuwar mutuwa a wani gari, ba ta fita sai hidimar al'ada ta fitar da ita. Yawancin yininta a kan kaɗin auduga yake ƙarewa, da sauraren masu zuwa da bukata: matar da ba ta samu haihuwa ba, manomin da ke tsoron fari, dangin da ke son a raba musu gardama. Musulmi ya san halwar da malami kan shiga ta kwana arba'in ya fito. Tata halwar ba ta da ranar fita.

A cikin wannan tsari Mangu ta rayu. Jerin sarautar da mutanen Lugu suka adana ya sa hawanta a wajen 1865. Ke nan a lokacin da Faransawa suka iso ta haura shekara 30 a ɗakin, kuma ta manyanta ƙwarai.

Shekarun nan ba na zaman lafiya ba ne. Tun bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 Arewa ta samu kanta tsakanin Sakkwato da Gwandu a gefe guda, da Kabawan da suka ƙi miƙa wuya a ɗaya gefen. Da Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi a 1849, Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun mara masa baya, aka yi ta gwabzawa har zuwa sulhun da ake kira Lafiyar Toga a wajen 1866, wanda shi ma bai daɗe ba. A wannan zamani ne mayaƙa irin su Samna Karhe na Tibiri suka yi suna. Mutanen Lugu, waɗanda maƙwabtansu Musulmi ke kira Azna, maharba ne masu kibiya mai dafi, kuma suna da wata dabara da suka gada: idan abokin gaba ya fi ƙarfinsu a fili, sai su janye cikin wani kurmi mai sarƙaƙiya da ƙaya kusa da gari, inda doki ba ya shiga. Da wannan suka tsare garinsu da addininsu tsawon ƙarnin.

Ayarin da ya taso daga yamma

A ranar 14 ga Yunin 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a Paris kan wata yarjejeniyar raba ƙasa. An ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Babu wanda ya tambayi Sarkin Musulmi, balle Sarkin Arewa ko wata tsohuwa a Lugu. Faransa na son haɗe yankunanta na Aljeriya da Afirka ta Yamma da Kwango a Tafkin Chadi, don haka ta tura ayari uku: na Foureau da Lamy ta Sahara, na Gentil daga Kwango, sai na uku daga kogin Kwara.

Wannan na ukun aka damƙa wa Kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Kyaftin Julien Chanoine. Dukansu matasa ne, kuma an riga an san halinsu, domin su ne suka ci Wagadugu da wuta a 1896. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1898. Gwamnati ba ta ba su isasshen kuɗi ko abinci ba, ta bar su su ci daga abin da suka samu a hanya. Turawan ayarin ba su kai goma ba. Sauran duk 'yan Afirka ne: sojojin da aka ɗiba daga yankin da yake Mali da Senegal a yau, da 'yan sa-kai da aka yi wa alkawarin ganima da bayi, da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da matan da aka kwaso a hanya. Taro ne na fiye da mutum dubu, ga dabbobi, ga igwa guda.

Irin wannan taro idan ya sauka a ƙauye, rumbu da rijiya ba sa kwana. A watan Janairun 1899, a Sansanin Hausa da ke bakin Kwara, suka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara. Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Ɗan jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi, ɗan dakon da ya gaji a harbe shi, garin da ya yi jinkirin kawo hatsi a cinna masa wuta. Ƙarancin ruwa ya sa suka karkato kudu, suna kutsawa har cikin yankin da yarjejeniya ta ba Ingila. A cikin Afrilu, tsakiyar bazara, suka shigo Arewa suka sauka a yankin Matankari.

Labarinsu ya riga su isowa. Garuruwa da yawa sun watse kafin a ga ƙurarsu, wasu sarakuna kuma suka zaɓi su ba da hatsi da jagora don su tsira da mutanensu. Mai zaune a inuwa yau zai iya kiran wannan tsoro, amma wanda ya ji abin da aka yi a Sansanin Hausa yana da hujjar yin lissafi. Abin da ya fito da Mangu daban shi ne ita ma ta ji labarin, ta kuma yi nata lissafin ya ba ta wata amsa.

16 ga Afrilun 1899

Laftanar Paul Joalland, mai kula da igwar ayarin, shi ne ya bar bayanin yaƙin a rubuce cikin littafinsa Le drame de Dankori, wanda ya fito a 1930. Bai ɗauke ta da daraja ba, tsohuwar matsafiya ya kira ta. Amma ya rubuta cewa ta aiko wa Voulet saƙo mai zafi, na cin fuska, cewa za ta tare masa hanya, kuma ta tara mayaƙa a Lugu da maƙwabciyarta Tungana.

Ran 15 ga wata wani ɓangare na sojojin ya bar sansani ya nufi garuruwan biyu. Washegari da misalin ƙarfe 6 na safe suka tarar da maharban a tsaye a fili suna jiransu. Mata da yara an riga an shigar da su kurmi. Aka buɗe wuta. Kibiya ba ta kai inda harsashi ke kaiwa, kuma da aka harba igwa sau uku sahun maharban ya karye, suka janye cikin kurmin kamar yadda kakanninsu suka saba.

A nan ne yaƙin ya canza. Cikin sarƙaƙiya bindiga ba ta ganin abin harbi, mai baka kuwa yana iya laɓewa taku kaɗan daga abokin gaba. Hafsoshin Faransa sun ji tsoron idan suka bar mutanen a ciki za su faɗo musu da dare, don haka suka tura sojoji su kutsa. Sun kuma bar gefe guda a buɗe da gangan, don kada mutanen da aka rutsa su yi faɗan a-mutu-ko-a-yi-rai. Ba a gama ba sai wajen ƙarfe 1 na rana. Sojojin ayarin huɗu suka mutu, shida suka ji rauni, aka ƙone harsashi kusan 7,000. Joalland da kansa ya lissafa ranar cikin mafiya zafi a duk tafiyar.

Mutum huɗu ba adadi ne mai yawa ba, kuma waɗanda suka faɗi a ɓangaren Lugu sun fi haka nesa ba kusa ba. An kuma ƙone garin. Wanda ya ce Sarauniya ta ci Faransawa da yaƙi a ranar ya faɗi abin da bai faru ba. Abin da ya faru shi ne, ayarin da ya saba garuruwa su watse kafin ya iso ya kwashe awa bakwai yana fama da manoma da maharba, ya zubar da harsashin da ba shi da inda zai sake samo wani, kuma bai kama matar da ya zo nema ba. Mutanenta sun fice da ita. Ba ta yi mubaya'a ba, ba ta sa hannu a kan wata takarda ba.

Masu binciken da suka tattara labarin baka a Lugu sun samu cewa ba a tuna ta da riƙe makami. Abin da ake danganta mata shi ne asiri da tsari, da kuma cewa saboda ita da abin da ɗakinta ke wakilta ne maza suka tsaya. A wajen Gubawa, barin baƙo ya taka Lugu da ƙarfi daidai yake da barin ƙasar kanta ta lalace.

Wata uku bayan Lugu

Ayarin ya ci gaba gabas. A farkon watan Mayu ya auka wa Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa da dubban mazauna, ya yi kisan da har yau ake ba da labarinsa, aka cika rijiyoyi da ramuka da gawawwaki. Mutanen Ƙonni Musulmi ne da ke ƙarƙashin Sakkwato. Voulet bai tambayi addinin kowa ba, a Lugu ko a Ƙonni, kuma yana da kyau matasan da ke ƙyamar ambaton Mangu don ba ta yi salla ba su riƙe wannan.

A can Paris kuwa asiri ya fara tonuwa. Wani hafsa mai suna Laftanar Peteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun 'yan siyasa. A cikin watan Afrilun da aka yi yaƙin Lugu gwamnati ta ba da umarnin a bi sawun ayarin. Laftanar Kanar Jean-François Klobb, kwamandan Tumbuktu, ya taso da 'yan sojoji kaɗan tare da Laftanar Octave Meynier. Bai sha wahalar gane hanya ba, ƙonannun garuruwa ne suka yi masa jagora. A Koran Kalgo ya tarar da gawawwakin 'yan mata ƙanana a rataye a bishiya.

Ran 14 ga Yulin 1899, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim ma Voulet a Dankori kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa a Afirka. Sojojinsa baƙaƙe suka yi tawaye. Suka kashe Chanoine ran 16 ga Yuli, suka kashe Voulet washegari. Kaburburansu na Maijirgi, a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram.

Daga 16 ga Afrilu zuwa 16 ga Yuli wata uku ne cif. A Arewa mutane da dama ba su ɗauki wannan a matsayin katari ba, sun ce bakin Sarauniya ne ya kama su. Faransa ita ma ta nemo nata bayanin, ta ce zafin Afirka ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu, aka rufe binciken a 1902 ba tare da an hukunta kowa ba. Ƙasar da suka ci da wannan ta'asa kuwa ba a mayar wa kowa ba. Ragowar ayarin ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, sannan Joalland da Meynier suka kai Tafkin Chadi. A ranar 22 ga Afrilun 1900 ayarin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusiri.

Komawa ɗaki

Mangu ta koma Lugu bayan wucewar sojojin, aka sake gina garin, ta koma ɗakinta da mazarinta. Bisa jerin sarautar garin ta rasu a wajen 1908, tarkama ta nuna wadda ta gaje ta.

Abin da igwa ba ta yi wa Lugu ba, zaman mulkin mallaka ya yi mata a hankali. Turawa da sarakuna masu rawani suka yi aiki, su suka naɗa shugabannin kanto masu tara haraji da mutanen aikin tilas, suka mayar da Dogon Dutsi cibiyar mulki. Masu ƙasa irin Sarauniya da Baura ba su da gurbi a wannan tsari. Shari'a ta koma gaban kwamanda da alƙali. Musulunci, wanda ƙarni guda na yaƙi bai shigar da shi Lugu ba, ya bazu a Arewa ta hanyar fatauci da ci-rani da makarantun allo, musamman daga tsakiyar ƙarni na 20. Mutane suka yi ta ƙaura zuwa inda gona da ruwa suka fi sauƙi, garin ya koma ɗan ƙauye. A takardun Faransa kuwa, kamar yadda mai bincike Elara Bertho ta nuna, duk labarin Mangu bai wuce 'yan layuka ba.

Yadda littafi ya sake haifar ta

Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wanda ya sha gudun hijira da kurkuku saboda siyasa. A 1980 ya wallafa ƙagaggen labari mai suna Sarraounia a Paris. Mamani ɗan gwagwarmaya ne da ke neman gwarzon da 'yan Nijar za su yi alfahari da shi, kuma ya same shi a 'yan layukan nan na Joalland da abin da ya ji a bakin mutane. Sauran ya cike da basirarsa. Shi ya mayar da ita matashiya, ya ƙirƙiro mata uban goyo da ya koya mata harbi da magani, ya ba ta fada da runduna.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986. An shirya ɗaukarsa a Nijar, amma aka samu saɓani da hukumomin lokacin Seyni Kountché, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓi aikin. 'Yar wasan Burkina Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, shi ya sa sarauniyar Hausawan Arewa ba da Hausa take magana a fim ɗin ba. Ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a 1987. Mamani ya rasu a hatsarin mota a 1993, Hondo kuma a 2019.

Littafin da fim ɗin ayyuka ne masu kyau, kuma ba don su ba da wataƙila sunan Mangu bai wuce Dankasari ba. Matsalar ita ce yadda ake yanko guntayen fim ɗin ana yaɗawa a Facebook da TikTok a matsayin tarihi, har da hotunan da kwamfuta ta zana na wata mace cikin sulke a kan doki. A ganina wannan ya rage mata. Jaruma mai runduna da ta yi yaƙi abu ne da aka saba ji. Tsohuwar da ba ta da soja ko ɗaya na kanta, ba ta ma fita ƙofar ɗaki, amma maganarta ta sa manoma suka tsaya gaban igwa alhali masu dawaki sun kauce, wannan ya fi wuyar samu, kuma shi ne ya faru.

Wanda ke son jin bakin mutanen garin da kansu, akwai littafin Lougou et Saraouniya, wanda Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo suka rubuta tare da ƙungiyar Tarbiyya Tatali, mai aikin raya karkara tsakanin Arewa da yankin Biritaniya na ƙasar Faransa. A 2020 kuma fim ɗin gaskiya mai suna African Apocalypse, na Rob Lemkin da Femi Nylander, ya bi sawun Voulet gari-gari yana sauraren jikokin waɗanda abin ya shafa, kuma daga baya al'ummomin waɗannan garuruwa suka nemi Faransa ta amsa laifinta ta buɗe takardun da ta ajiye.

Tun 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sarautar ba ta yanke ba. Har yanzu akwai Sarauniya a garin, cikin fararen tufafi, a ɗaki irin wanda Mangu ta zauna, kuma ita ma tarkama ce ta nuna ta.